Yankan Daidai da Bencin Makaranta

Jawabin da wani malamin fasaha ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman Ikara, Makarfi da Kudan



An nemi in yi magana a kan wani injin yanka katako da ake kira zarto mai bin dogo. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ƙungiyar malamai da zarto? Amsar tana cikin azuzuwanmu. Duk wanda ya koyar a firamare ko sakandare a wannan yanki ya san yadda benci yake mutuwa. Ranar da aka kawo shi yana sheƙi. Bayan zango ɗaya ya fara rawa, bayan shekara an jingine shi a bayan aji, yara sun koma zaman ƙasa, littafi a kan gwiwa. Gwamnatin da ta hau mulkin Jihar Kaduna a 2015 ta fito fili ta ce ɗimbin yaranmu a ƙasa suke zaune, kuma da aka fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016 azuzuwa suka ƙara cika, buƙatar wurin zama ta ƙaru. An sayi kujeru, an kuma sake saye. Mukan ɗora laifin lalacewarsu a kan ƙiriniyar yara, kuma lallai suna da nasu kason. Amma benci da yawa tun a wurin yanka aka kashe su. Idan ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta gajarta da milimita uku, ko gefen falanki ya karkace ta yadda ba zai kwanta sosai a jikin ɗan'uwansa ba, to gam ba zai kama ba, nauyin yara huɗu kuma zai koma kan ƙusa kaɗai. Kullum aka zauna ƙusa tana ɗan motsi, ramin yana faɗi, har ranar da za ta saki.

Ba yau aka fara tunanin haɗa makaranta da aikin hannu ba. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta haifar da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, kuma a cikinsa aka shigo da darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare. An yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Dattawan cikinmu sun san ƙarshen labarin: a wurare da dama injunan sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu wanda aka horar. Darasin da ke cikin wannan shi ne, inji mai nauyi da ke buƙatar gini na musamman bai dace da makarantar ƙauye ba. Abin da ya dace da mu shi ne kayan aikin da mutum ɗaya zai ɗauka a kan babur ya kai Hunƙuyi yau, gobe ya kai Paki. Zarto mai bin dogo yana cikin wannan rukuni.

Siffarsa ba ta da wuyar ganewa. Zarton lantarki ne mai faifan ƙarfe mai haƙora, irin wanda kafintoci suka sani, sai dai an yi masa tsagi a ƙasan tafinsa wanda yake hawa kan wani dogon ƙarfen alminiyam miƙaƙƙe. Wannan ƙarfe shi ne dogon. A ƙarƙashinsa akwai roba mai kama katako don kada ya zame, a gefensa kuma akwai wata siririyar roba wadda haƙoran zarton suke aske ta a yankan farko. Daga ranar, bakin wannan roba shi ne ainihin layin da zarton zai bi. Kamfanin Festo na Jamus, wanda sashensa na kayan aiki ya koma Festool, shi ya fito da dogon a 1962, yau kuma Makita da Bosch da DeWalt duk suna yin nasu. Bambanci na biyu shi ne, faifan yana ɓoye cikin rumfarsa. Sai an ɗora inji a kan dogo, an kunna, an danna shi ƙasa, sannan haƙora su fito, kuma da an saki ya koma ciki da kansa. Faifan yawanci milimita 160 ne ko 165, yana kuma iya yanka kaurin da ya kai kusan milimita 55, wanda ya wadatar da duk wani aikin benci, tebur, allo ko kabad.

A inda aka saba, katako ake ɗauka a tura shi cikin inji, kuma falankin filawud mai ƙafa huɗu da takwas yana buƙatar mutum biyu da fili mai faɗi. A nan katako yana kwance, inji ne yake tafiya. Hannun mai yanka ba ya zaɓen hanya, dogo ne yake zaɓa masa. Saboda haka ɗan koyo da ya iya awo zai fitar da yankan da a da sai gwanin da ya shekara ashirin yana sana'a.

Malaman lissafi, ga rabonku. Falankin filawud tsawonsa milimita 2,440 ne, faɗinsa 1,220. A ce muna son saman tebur mai tsawon 1,220 da faɗin 400. Shida sau 400 ya ba mu 2,400. Amma zarto yana cin nasa: kowane yanka yana mayar da kusan milimita 2.2 gari. Yanka shida sun ci milimita 13 da 'yan kai, jimla 2,413, saura kusan 27. Ke nan falanki ɗaya ya ba da saman tebur shida. To idan hannu ba shi da tabbas, dole a bar rarar da za a goge daga baya, a ce milimita 10 a kowane yanki. Shida sau 410 ya zama 2,460, ya wuce tsawon falankin. An koma biyar. Makarantar da ke son tebur 60 za ta sayi falanki 12 maimakon 10. Kuɗin falanki biyun nan daga aljihun iyaye zai fito, ko daga ɗan abin da kwamitin kula da makaranta ya tara da ƙyar. Wannan lissafi ne da ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya yi, kuma zai fi fahimtar raba lamba a jikin falanki fiye da a jikin allo.

Yanzu ga yadda ake aikin. Da farko a shimfiɗa falanki a kan wasu katakai na banza, aƙalla huɗu, ta yadda ɓangarorin biyu za su kasance a tallafe bayan an raba su. Idan ɓangare ɗaya yana reto, zai sunkuya ya matse faifan, inji ya yi tsalle ya dawo kan mai shi. Wannan shi ne hatsari mafi girma a aikin zarton lantarki, kuma kusan kullum daga rashin tallafi yake zuwa. Na biyu, a yi awo da tef ɗaya tun daga farkon aiki har ƙarshe, domin tef biyu sukan saɓa, a kuma sa alama biyu kawai da fensir mai tsini, ɗaya a kowane gefe. Babu buƙatar jan layi, tunda dogon shi ne layin. Na uku, a ɗora dogon a kan ɓangaren da ake so, bakin robar a kan alamomin, domin abin da zarto zai ci ya fito daga ɗaya ɓangaren. Wanda ya juya wannan ƙa'ida zai tarar kowane yanki ya gaza da milimita biyu. Idan saman falankin yana da santsi ko ƙura, a ɗaure dogon da ƙarfen matsewa.

Na huɗu, a saita zurfin yanka ya wuce kaurin falanki da milimita biyu ko uku kacal. Filawud mai kaurin 18 yana son zurfin 20 ko 21, tare da lura da ko ma'aunin injin ya lissafa kaurin dogon. Na biyar, a bar inji ya kai cikakken gudunsa kafin a danna, a tura shi da nutsuwa, kada a ja shi baya yana juyawa. Kunne zai gaya wa mutum gaskiya: idan ƙarar ta nauyaya ana gaggawa ne, idan an ji ƙaurin ƙuna ana nawa ne ko haƙora sun dakushe. Faifai mai haƙora 48 shi ya dace da filawud da falanki mai rufin roba, mai haƙora kaɗan kuma ya fi kyau wajen tsaga katako a tsawonsa. Idan falankin mai rufi ne, a fara yin yanka mara zurfi na milimita biyu, sannan a dawo a raba, gefen zai fito sumul.

Daga nan sai tabbatar da kusurwa. A auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 cif, kusurwar ta tsaya. Ka'idar Fisagoras ce da muke koyarwa kowace shekara. Haka kuma, a auna saman tebur daga kusurwa zuwa kishiyarta sau biyu, idan awon biyu sun yi daidai, aiki ya yi.

Na san tambayar da ke zukatanku, wato kuɗi. Injin daga waje ake kawo shi, kuma farashinsa yana bin dala. Yana cin wuta kusan wat 1,200, saboda haka ƙaramin janaretan da muke kunnawa don fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba. Amma hikimar dogon ba ta kamfani ba ce, kowane kafinta da ke da zarton lantarki na yau da kullum zai iya yin nasa. A sami filawud mara kauri, faɗin santimita 30, tsawon falanki guda. A yanko wani siriri mai faɗin santimita 8 daga gefen da masana'anta ta yanka, domin shi ne miƙaƙƙe, a manna shi a kan mai faɗin da gam da sukurori. Sannan a jingina tafin zarton a jikin siririn a yi yanka ɗaya. Gefen da ya rage shi ne layin wannan zarto har abada, muddin ba a sauya faifai ba. Ba shi da kariyar faifan da ke ɓuya, saboda haka yana son ƙarin kula, amma wajen miƙewar yanka kusan ba shi da bambanci, kuma kuɗinsa bai wuce na guntun filawud ba.

Yanka mai kyau ba ya gyara mugun katako. Ko daga Sabon Garin Zariya aka sayo, ko daga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, a tambayi bushewarsa. Katakon da aka haɗa yana ɗanye da damina zai tsuke a faɗinsa idan hunturu ya kama, mahaɗa su buɗe. A jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani har ya bushe. Maɗaci yana da ƙarfi, malaina tana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma kowanne yana son maganin gara a ƙafafunsa. Falankin MDF kuwa, ko da ya fi araha, ba ya jure ruwa, kuma ajin da rufinsa ke yoyo ba wurinsa ba ne.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar. A yi aiki a fili ko a ɗaki mai iska, a rufe hanci, a sa tabarau, a toshe kunne. A cire wuta kafin a taɓa faifai. Babbar riga da mayafi da hannun riga mai reto ba sa zuwa kusa da inji. Yaran ƙaramar sakandare su yi awo, su sa alama, su duba kusurwa, amma kunna inji aikin malami ne.

Ina da shawara uku ga rassanmu. Ta farko, duk lokacin da aka kawo kujeru makaranta, kada shugaban makaranta ya sa hannu sai malamin fasaha ya auna: ƙafafu huɗu su taɓa ƙasa, mahaɗa su rufe, kusurwoyi su tsaya. Minti biyar ne a kan kowane benci goma da aka zaɓa. Ta biyu, kowace makaranta mai darasin fasaha ta yi dogon filawud guda a wannan zango, tare da kafintan garin, domin shi ma ya amfana, mu ma mu koyi abin da hannunsa ya sani. Ta uku, rassan Ikara, Makarfi da Kudan su duba yiwuwar haɗa ƙarfi ta asusun taimakon juna a sayi inji ɗaya na gaske, a ajiye shi a hannun wanda za a tambaya, a riƙa zagayawa da shi lokacin hutu ana gyara tarin karyayyun kujerun da ke bayan azuzuwanmu. Mafi yawansu ƙafa ɗaya ko sama ɗaya suke nema su dawo aiki.

Muna da haƙƙin ci gaba da neman hukuma ta wadata makarantu da kujeru, kuma ba za mu fasa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin sabuwar shekarar karatu ta kama, akwai bencin da za mu iya tayarwa da hannunmu, akwai kuma yaran da za su tashi daga ƙasa saboda haka.