Sunanka Ya Fito a Jerin Masu Samun Tallafi: Me Zai Biyo Baya?

Jawabin da sashenmu na raya karkara ya gabatar wa dattawan ikkilisiyoyi, shugabannin zumuntar mata da wakilan naƙasassu a Birnin Kebbi

 Mun san waɗansunku tun asuba suka baro gida, daga Kalgo, Bunza, Argungu da ƙauyukan bakin fadama. Mun gode.

Maganarmu ta yau a kan 'yan'uwanmu naƙasassu ce, wato makafi, guragu, kurame, waɗanda kuturta ta taɓa, da masu taɓin hankali. A takardun gwamnati yanzu za ku ji ana ce musu masu buƙata ta musamman. A duk inda muka je, tambaya ɗaya ake yi mana: "An ce sunana ya fito, yanzu sai me?" Amsarmu ita ce, fitowar suna farkon tafiya ce. Tsakanin ranar da aka ce an amince da mutum da ranar da tallafin ya yi masa amfani akwai matakai, kuma a waɗannan matakai ne ake yawan cutar marasa ƙarfi.

1. A san irin tallafin da aka samu

A Najeriya babu wani albashi da gwamnatin tarayya take biyan kowane naƙasasshe duk wata har ƙarshen ransa. Abin da ake da shi shirye-shirye ne, kowanne da mafarinsa da ƙarshensa. Waɗansu jihohi sun gwada nasu. Jihar Jigawa, alal misali, ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 duk wata a 2007.

Shirin gwamnatin tarayya da ya fara a 2016 ya riƙa ba gidajen matalauta Naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000. A watan Oktoba 2023, bayan cire tallafin man fetur, aka ƙaddamar da wani shirin na Naira 25,000 sau uku, wato 75,000 ke nan gaba ɗaya. Waɗannan kuɗi na gida ne dukansa, kuma sunayen daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake ɗauko su. Akwai kuma tallafin da ake ba mutum shi kansa, kamar keken guragu, sandar makafi, keken ɗinki ko jari.

Saboda haka ranar da aka ce sunanka ya fito, ka yi tambaya huɗu: Wane ne yake bayarwa? Nawa ne? Sau nawa za a bayar? Na gida ne ko nawa ne ni kaɗai? Idan ba ka iya rubutu ba, ka sa wani ya rubuta maka amsar, ka adana.

A kuma lura, shiga rajista dabam, biyan kuɗi dabam. Rajista jerin sunaye ce kawai da ake zaɓo mutane daga ciki idan wani shiri ya taso. Mutum yana iya shekara da shekaru a cikinta ba a biya shi ko kwabo ba.

2. Za a jira

Bayan amincewa akwai tantancewa, akwai aika sunaye Abuja, akwai jiran a saki kuɗi. Shirin 2023 ma an dakatar da shi a farkon 2024 don a yi bincike, da aka dawo da shi kuma aka ƙara tsanantawa wajen tantance mutane da lambar NIN.

Don haka muna roƙo, kada kowa ya ci bashi da sunan kuɗin da bai shigo hannu ba. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Wanda yake saƙar tabarma ya ci gaba da saƙarsa, wadda take sayar da ƙuli-ƙuli ta ci gaba da sana'arta. Mai kanti da ya ji sunanka ya fito zai ba ka shinkafa da mai bashi da fara'a. Idan biya ya yi jinkirin wata shida, fara'ar nan takan ƙare.

3. A gyara takardu tun kuɗi bai zo ba

Yawancin biyan kuɗi yanzu ta banki ko ta waya ake yi. Na'ura kuwa ba ta san fuska ba, ba ta san Baba Fasto ya shaide ka ba. Abin da aka rubuta kawai take dubawa. Ga abubuwan da za a kula da su:

• Lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Yin rajistarta kyauta ne. Gyaran suna ko ranar haihuwa ne ake biya wa kuɗi.

• Suna ya zama iri ɗaya a ko'ina. A cikinmu mutum ɗaya yakan kasance da sunan baftisma, sunan gida da laƙabi. Idan katin ɗan ƙasa ya ce Bulus, asusun banki ya ce Paul, rajista kuma ta ce Ɗanjuma, kuɗin zai iya maƙalewa.

• Layin waya. A riƙe wanda aka bayar ranar rajista, a riƙa kira da shi lokaci lokaci. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan rufe shi ya ba wani, saƙon kuɗinka kuma ya tafi wurin baƙo.

• Zanen yatsu. 'Yan'uwanmu da kuturta ta cinye wa yatsu sukan sha wahala a nan. Kada su koma gida don na'ura ta ƙi. A nemi ganin shugaban ofishin, a yi masa bayani, dattijo ɗaya kuma ya raka su.

4. Ranar karɓa

Ba a sayen tallafi. Duk wanda ya ce a ba shi "na goro" don ya sa suna, ko ya ce rabin kuɗin nasa ne don shi ya yi hanya, zalunci yake yi, ko da ɗan gari ne, ko da ɗan ikkilisiya ne. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne. Banki ba ya tambayar wannan.

Makaho ba ya ganin abin da mai POS ya danna. Kurma ba ya jin abin da aka faɗa a layi. Gurguwar da ke ƙauye ba kullum take iya hawa babur zuwa gari ba. Dole wani ya taimaka, kuma a nan ne amana take shigowa. Shawararmu ita ce:

• Mai tallafin ne zai zaɓi wanda zai raka shi, ba dangi ne za su zaɓa masa ba.

• Katin cire kuɗi ya kwana a hannun mai shi. Kada a bar shi a shagon mai POS.

• A tambayi kuɗin caji kafin a cire. A karɓi 'yar takardar shaida, a sa mutum na biyu ya karanta ta da ƙarfi.

• A ƙirga kuɗin a hannun mai shi, a gaban shaida.

5. Kuɗin ya shigo gida

Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin ba baƙo ne yake cin kuɗin naƙasasshe a nan ba, na gida ne. Da zarar an ji labari, mai biki zai zo, mai bashi zai zo, ɗan da bai leƙo ba tun bara zai zo gaisuwa. Mutumin da aka daɗe ana ciyar da shi yakan ji kunyar hanawa. Kafin mako ya zagayo babu ko sisi, ciwon ƙafar da ya kamata a kai asibiti kuma yana nan.

Ba mu ce kada a taimaki dangi ba. Matar da ta shekara goma tana wanke mijinta tana ɗaga shi tana da hakki a yi shawara da ita. Abin da muke cewa shi ne a zauna tun kafin kuɗin ya zo, mai tallafin yana wurin, bakinsa kuma shi ne na farko. A raba gida uku: abinci, lafiya, da abin da zai haifar da wani abu. Naira 75,000 ba za ta riƙe gida shekara ba, kowa ya san farashin mudun shinkafa. Amma wani kaso daga ciki zai iya sayen kaji, ko ya ƙara jarin gyaɗa, ko ya gyara tayar keke, ko ya shiga adashin mata. Ga yaro ko mai taɓin hankali da ba zai iya yanke shawara ba, wanda yake riƙe masa ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Muna kuma jan kunnen makwabta da ikkilisiya. Kada don an ce wane ya sami tallafi a daina kai masa kwanon tuwo, ko a cire sunansa daga gayyar noma. Tallafin yakan ƙare cikin 'yan watanni. Idan zumunci ya yanke saboda shi, an yi asara ke nan.

6. Hakkin da ya fi kuɗin daɗewa

A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Dokar ta ce:

• Naƙasasshe yana da hakkin karatu kyauta har zuwa sakandare.

• Mai taɓin hankali yana da hakkin magani kyauta a asibitocin gwamnati.

• A layi, a fara sallamar naƙasasshe.

• Ma'aikatun gwamnati, gwargwadon hali, su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

• Laifi ne a yi amfani da naƙasasshe wajen bara.

• Wanda ya nuna bambanci za a iya cin sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Kamfani kuwa tarar Naira miliyan ɗaya.

An ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su yi hanyar da keken guragu zai hau, wa'adin kuma ya cika a Janairu 2024. Mun san abin da ke takarda bai gama sauka ƙasa ba. Amma wanda ya san hakkinsa yakan yi magana da ƙarfin gwiwa. Mu ma mu dubi ƙofar majami'unmu, mu ga ko keke zai shiga.

A tuna kuma maganin kuturta kyauta ne, ana shansa wata 6 ko 12, yana kuma warkarwa. A tambayi asibitin da ke kusa yadda ake shiga shirin inshorar lafiya na marasa galihu da hukumar KECHEMA take kula da shi a jihar nan.

7. Idan abu ya lalace

Idan an biya waɗansu ba a biya ka ba, ko an rage kuɗin, kada a yi shiru, kada kuma a tafi da faɗa. A je sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, a nemi jami'in da ke karɓar koke. A rubuta ranar da aka je da sunan wanda aka gani. A tafi da kwafin takardu, na ainihi su zauna a gida. A sanar da mai unguwa ko hakimi, da sarkin makafi ko sarkin guragu, da shugabannin ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD. Koken mutum goma da suka zo tare ya fi na mutum ɗaya saurin shiga kunne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin da za mu koma gida da shi

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu masu amana, namiji da mace, naƙasasshe ɗaya a ciki in da hali. Kafin ƙarshen wata su yi waɗannan:

1. Su ziyarci kowane naƙasasshe a ƙauyen, Kirista da Musulmi, su ji ko yana da lambar NIN da layin waya mai aiki.

2. Su duba ko sunansa iri ɗaya ne a dukan takardunsa.

3. Su shirya wanda zai raka shi ranar karɓa, bisa ga zaɓinsa.

4. Su riƙe sirri. Ba a sanar da kuɗin kowa daga kan bagadi.

Idan mun zo zagaye na gaba, za mu zauna da waɗannan mutane biyu mu ji inda aka tsaya.