Gonar Anatot: Jawabin Bikin Cika Shekara 50 na Ikkilisiyarmu

Karatu: Irmiya 32:1-25, Littafin Firistoci 25:8-28

 

Kalmar nan jubili da aka buga a bangon wannan takarda daga Littafi Mai Tsarki ta fito. A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta 50, a saki bayi, kowa kuma ya koma gonar gadonsa. A surar nan dai aka ce in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, ɗan'uwansa na kusa ne zai fanshe ta. Ashe maganar jubili maganar gona ce. Shi ya sa muka ɗauko labarin annabin da ya sayi gona a lokacin da ba mai hankalin da zai saya.

Irmiya ɗan firist ne, mutumin Anatot, wani ƙauye kusa da Urushalima. Allah ya kira shi yana saurayi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, ya yi wajen shekara 40 yana wa'azi, masu ji kuwa ba su taka kara sun karya ba. Mutanen garinsu suka ƙulla su kashe shi. Fashur firist ya sa aka yi masa dūka, aka sa shi a turu. Sarki Yehoyakim ya riƙa yanka littafinsa da wuƙa yana jefawa a wutar da yake jin ɗumi, har ya ƙare. Irmiya ya kira Baruk magatakardansa suka sake rubutawa, har da ƙari.

A shekara ta 10 ta sarki Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kuwa yana tsare a filin matsara na fada. Sai ga Hanamel ɗan baffansa ya shigo, wai Irmiya ya sayi gonarsa ta Anatot, tun da shi ke da hakkin fansa. Ku manoma da ke nan, ku auna wannan ciniki. Abokan gaba sun mamaye ƙasar da gonar take. Mai saye yana tsare. Shi da bakinsa ya riga ya faɗa cewa birnin zai faɗi. In a kasuwar Mai'aduwa ne, ko dillali ba zai tsaya a kai ba. Amma Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda kofi biyu, ɗaya da hatimi ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu, ya ce wa Baruk ya ajiye su cikin tulu don su daɗe. Dalilin da Allah ya ba shi shi ne, wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Akwai abin da muka daɗe ba mu lura da shi ba, ko a makarantar Littafi Mai Tsarki. Bayan an gama cinikin ne Irmiya ya durƙusa yana tambayar Allah, ga birni ya kusa faɗawa hannun Kaldiyawa, ga shi kuma an ce ya sayi gona. Ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya kai kukansa. Saboda haka wanda zuciyarsa ke rawa a cikinmu yau, kada ya ɗauka ya fita daga bangaskiya.

Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya irin cinikin nan suka yi. Ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 da 1974 ba, rumbuna ba kome, su kuma 'yan kaɗan ne: ma'aikatan da aiki ya kawo, da 'yan ƙasa waɗanda bishara ta iske su a ƙauyuka, waɗansu ta wurin aikin mishan na SIM a asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina. Abin da ke hannunsu shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa a 1932, da littafin waƙoƙi, da baikon kwabo da sisi. Da shi suka yi tubali.

Ba za mu ɓoye abin da ya biyo baya ba, ko da yake yau ranar murna ce. A watan Maris 1987 rikicin Kafanchan ya watsu zuwa Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u da yawa. A watan Afrilu 2011 tarzomar bayan zaɓe ta ratsa jihohin Arewa, har da tamu. Kowane karo sai mu ga benci ya ragu. Daga baya kuma wahalar ta zo ta aljihu, ba ta tambayi addinin kowa ba: rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, hanyar Kongolam ta yi tsit, ga cire tallafin man fetur a shekarar 2023 ɗin, kwanon gero ya gagari mai iyali. Matasanmu suna zuwa ofishin fasto suna tambaya, "Baba, mu zauna ko mu tafi?"

Ba mu hukunta wanda ya tafi ba. Irmiya kansa ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila wasiƙa, a sura 29, ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar garin da suke, su yi masa addu'a. Amma da birnin ya faɗi, shugaban matsaran Babila ya ba Irmiya zaɓi, ko ya bi su a kula da shi, ko ya zauna. Ya zauna tare da talakawan da aka bari. Mu a namu gani, yawancinmu kiran da aka yi mana ke nan. Mu ba baƙi ba ne a ƙasar Daura. A nan aka binne cibiyar da yawa daga cikinmu, daga Zango zuwa Baure da Sandamu, Hausar da muke yabon Allah da ita kuma ita muka sha a nono.

Mutanen garin da ke da rijiyar Kusugu ba sa bukatar a yi musu bayanin zurfin rijiya. An jefa Irmiya cikin wata, ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Wanda ya je gaban sarki ya roƙa dominsa ba firist ba ne, ba ma Bayahude ba ne. Ebed-melek ne, mutumin Kush, baƙar fata irinmu. Ya nemo tsummoki ya zura masa, ya ce ya sa a hammata don kada igiya ta ji masa ciwo. Mu ma muna da namu Ebed-melek. Akwai iyalai a zauren nan da maƙwabtansu Musulmi suka buɗe wa ƙofa a daren tsoro, suka tsaya a bakin zaure. Ba za mu kira suna ba, amma muna so 'ya'yanmu su ji wannan daga bakinmu kamar yadda suka ji labarin wuta.

Littafi Mai Tsarki bai nuna mana Irmiya ya taɓa sa garma a gonar nan ba. A ƙarshe ma jan sa aka yi zuwa Masar ba da sonsa ba. Yawancin waɗanda suka yi mana tubalin farko haka suka tafi, ba su ga taron yau ba.

Don haka dattawa sun shirya abu biyu da baikon jubili. Na farko, a tattara takardun filin ikkilisiya da rajistar baftisma da ta aure, a yi musu kofi, a adana inda gara da wuta ba za su kai ba. Na biyu, a buɗe asusun koya wa matasa sana'a da taimaka musu da taki da iri, domin wanda yake so ya zauna ya sami abin zama. Masu hidima za su zaga da tasoshi bayan mawaƙa sun tashi. Ubangiji ya karɓa. Amin.