Caji, Kiredit da Sauran Kalmomi Masu Fuska Biyu

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan Turanci, alhali kuwa mu ba 'yan boko ba ne. Allo muka yi, muka yi Islamiyya, muka faɗa kasuwa. To amma kasuwar ce ta haɗa mu da Turancin, domin rasit da takardar banki da takardar fili da sammacin kotu duk da shi ake rubuta su, mu kuwa sai dai mu sa hannu ko mu dangwala.

Malamanmu sun karantar da mu cewa a Larabci akwai lafazin da ake kira mushtarak, wato kalma ɗaya mai ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Ainun ido ne, idon ruwa ne, ɗan leƙen asiri ne. Kalmar ƙur'u da ta zo a ayar idda cikin Suratul Baƙara tana ɗaukar haila, tana ɗaukar tsarki. Malikiyya suka tafi a kan tsarki, Hanafiyya suka tafi a kan haila. Kun ga kalma guda ta sauya ranar da mace za ta fita idda. Hausarmu ma haka take. A ci tuwo, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, duk da "ci" ɗin nan guda. Mu ba ma ruɗewa, don a ciki aka haife mu. To Turanci ma cike yake da irin wannan, sai dai mu idan mun ari kalma daga cikinsa, ma'ana ɗaya muke ɗaukowa mu bar sauran a can. Ko sunan unguwar nan tamu ya ishe mu misali: Polo wasan ƙwallon dawaki ne, riga ce, motar Volkswagen ce, amma in ka faɗa wa mai Keke Napep, nan zai kawo ka.

Canji ba ya ba mu wahala. Mun san na mai saye, mun san 'yan canji, mun ga canjin kuɗi na 1984 da wahalar na 2023, mun kuma ji canjin da aka yi ta kira a zaɓen 2015.

Caji shi ne ya fara nauyi. Yaranmu in sun ji caji, waya suke tunawa. Dattawanmu kuwa caji ofis suke tunawa, inda ake rubuta wa mutum tuhuma. A takardar banki, caji kuɗin da ake yanka ne daga ajiyarka. Akwai kuma ta huɗu wadda yawancinmu ba mu sani ba: a harshen lauyoyi, in an ce an ɗora caji a kan gida ko shago, jingina ake nufi. Mutum ya karɓi rance, a karanta masa takarda ya ji caji, ya ɗauka 'yan kuɗin hidima ne, ashe gidan da iyalinsa ke ciki ya sa a gaba.

Kiredit kuma ya fi ban mamaki, don ma'anoninsa har karo suke yi da juna. Yaro ya samu kiredit biyar a WAEC, har da Turanci da lissafi, mu yi murna. Saƙon banki ya shigo an ce kiredit, kuɗi ne suka shigo. Amma in kamfani ya rubuta ya ba ka kaya "on credit", to bashi ka ci. Haka "outstanding": a katin sakamakon yaro yabo ne, ya yi fice, a takardar dila kuwa, in ta zo kusa da balas, saura ne da ake bin ka.

Inda muke so mu ɗan daɗe shi ne kalmar "interest", saboda ta shafi addininmu kuma ta shafi filayenmu. Kowa a nan ya san ta da ma'anar kuɗin ruwa, wato riba, kuma gudun ta ne ya sa da yawa cikinmu suka koma Jaiz bayan ya fara aiki a 2012. Wannan daidai ne. Amma a takardar cinikin fili ma'anarta daban ce. Tun da aka kafa dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 ga gidan zama. Wannan haƙƙin shi lauya yake kira "interest" idan ya rubuta cewa mai sayarwa ya miƙa maka shi. Babu riba ko ta anini a ciki. Sai ka ga bawan Allah ya ji kalmar ya ce a'uzu billahi, ya ƙi takardar lauya, ya koma wa 'yar takardar hannu da shaidu biyu, wadda ba lalle ta tsaya masa ba ranar da magada suka taso. Wani kuma an taɓa yi masa bayanin ta fili, sai ya gan ta a takardar rance ya saki jiki. Mu da muka zo garin nan daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, ba mu da gonar kaka a nan da dattawan unguwa za su shaida. Takardar ita ce shaidarmu.

Ta kotu ma a kiyaye. "Discharge" a asibiti sallama ce, ka ɗau tabarmarka ka tafi gida. A kotu ma sallama ce, amma ba wankewa ba ce. Ana iya sake kamo mutum a kan maganar nan dai. Sai alƙali ya haɗa da "acquitted" sannan magana ta mutu. Duk wanda aka sallami ɗansa, ya tambayi lauya wacce daga ciki aka rubuta.

Dalilin da ya sa muka tayar da zancen yanzu, gobarar Monday Market ta Fabrairun 2023 da ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 sun ci takardun mutane da dama, na shago da na gida, ana ta sake rubuta sababbi. Saboda haka muna roƙon ɗalibanmu da ke Jami'ar Maiduguri da Ramat, idan dattijo ya kawo muku takarda, kada ku fassara masa kalma da ma'anar da ta fara zuwa bakinku. Ku karanta jimlar gaba ɗaya, ku buɗe ƙamus ku bi ma'anonin har ƙasa, domin ta lauyoyi sau da yawa can ƙarshe take. In ta shige muku duhu, ku ce a kai wa lauya, ba abin kunya ba ne.

Muna kuma ba shugabanni shawara a ware rana ɗaya a wata, bayan la'asar, wanda ke da takardar da bai gane ba ya kawo a duba masa kafin ya dangwala.