Jawabi Kan Gidan Jinka na Shottery da Dokar da ke Tsaronsa

 

Bikin cikar sarauta shekara 100 lokaci ne na ƙirga abin da ya rage a tsaye daga ginin kakanni. Saboda haka ya dace a ji labarin wani gida mai rufin ciyawa a ƙauyen Shottery, kusa da Stratford a Ingila, wanda ya haura shekara 500 bai faɗi ba. Nan ne Anne Hathaway ta girma, wadda marubuci Shakespeare ya aura a 1582.

An gina sashensa na farko a 1463, ɗaki 3 kacal, da murhu a tsakiya, hayaƙi yana fita ta rufi. Dabarar maginan ita ce abin lura. Sukan nemi itacen da ya tanƙwara tun yana tsaye, su tsaga shi gida biyu, su kafa ɓangarorin suna fuskantar juna har kawunansu su haɗu a sama. Nauyin rufi duka a kan waɗannan yake sauka, ba a kan bango ba. Duk maginin da ya san bakan gizo na soron Hausa zai gane hikimar nan take, illa dai namu azara ce da laka. Tsakanin katakan kuwa, tsaiwa ake saƙawa kamar zana, a yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa. Ɗan'uwan Anne, Bartholomew, ya ƙara wani sashe a farkon ƙarni na 17, har gidan ya kai ɗaki 12.

Rufin karan alkama ne mai kauri, an yi masa gangara sosai don ruwa ya zurare kafin ya ratsa. Ba ya dawwama. Tuluwar kan buƙaci sabuntawa bayan shekara 10 zuwa 15, kuma masu baibaya a can sana'a ce da ake biya da tsada, ba aikin gayya ba.

Ƙungiyar Shakespeare Birthplace Trust ta sayi gidan a 1892. Gobara ta ci wani ɓangare a 1969, aka mayar da shi yadda yake, da ciyawarsa. Yana cikin mataki na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, inda mai gida kansa ba ya da ikon sauya taga ko ɗora kwano sai da izinin hukuma.

A Nijar, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, Birnin Damagaram da fadarsa kuma sun shiga jerin masu jiran gado a 2006. Amma ɗakin jinka da rumbu da zauren ƙauye, waɗanda kwano da siminti ke turewa kowace rani, su ne suka fi saurin ɓacewa. Sarkin Magina na iya fara ƙidayar waɗanda suka saura a ƙasar nan kafin damina, tare da sunayen dattawan da har yanzu suka iya shuci da ɗaurin tanka.