BINDIGAR SOJA BA TA FARAUTA BA CE

Ƴan ajin yaƙi da jahilci, barkanku da ƙoƙari.

Wani ɗalibinmu na Ibohaman, cikin ƙasar Keita, ya aiko da tambaya, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Ya ce: ƙaramar bindigar nan ta soja, mai gajeren baki, marar nauyi, ko tana da kyau ga farautar barewa? Ɗan'uwa, mun gode. Amsa ita ce a'a. Ga dalilai uku.

Na ɗaya, harsashinta. Kan harsashin soja dalma ce ko ƙarfe, an lulluɓe shi da ɓawo mai tauri. Tun shekarar 1899 ƙasashe da yawa suka yarda kada a yi yaƙi da harsashi mai buɗewa cikin jiki. Saboda haka na soja yakan huda ya wuce. Sau da yawa barewa ba ta faɗuwa nan take. Sai ta ruga da rauni, ta je ta mutu cikin duwatsu, ba mai yanka ta. Ta zama mushe ke nan. Ta wahala, kai kuma ka koma gida hannu banza.

Na biyu, nisansa. Harsashin bindiga irin Kalashnikov yana iya tafiyar da ta fi kilomita 2. In ka kuskure barewa, ina ya nufa? Dajin Adar akwai mutane a cikinsa. Akwai makiyayi da bisashensa. Akwai mata masu neman icce. Akwai yara bisa hanyar rijiya. Harsashi bai san ɗan kowa ba, kuma in ya fita ba ya komowa.

Na uku, doka. Nijar tana da dokar farauta mai lamba 98-07, ta ran 29 ga Afrilu 1998. Ta hana farauta da makaman yaƙi da harsasansu. Ta hana farautar dare. Ta hana bin naman daji da mota. Mai son farauta da bindiga sai ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji. Tun rikicin Libiya na 2011 makamai suka bazu cikin ƙasashen Sahel. Wanda aka kama da bindigar yaƙi ba a ɗaukarsa maharbi. Gaban shari'a za ya tsaya, iyalinsa su shiga uku.

Ku tambayi tsofaffinku. Za su gaya muku da can ana ganin barewa kusa da gonaki. Fari, da saran daji, da yawan harbi suka kore ta. Tun 1955 aka keɓe dajin Gadabeji don kare irin waɗannan dabbobi. A nan Keita kuwa, daga 1984, mata da maza suka ɗauki duwatsu a kai, suka tare ruwa, suka dasa itatuwa. Daji ya fara murmurewa. In barewa ta komo cikinsa, kada mu tarbe ta da wuta.

In wani ya kawo maka irin wannan bindiga, ko da araha ce, kada ka karɓa. Ka sanar da maigari ko jandarma.

Yanzu ku ɗauki alli, ku rubuta: barewa, bindiga, harsashi, doka. Kowa ya karanta wa maƙwabcinsa dalilan nan uku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.