Jawabi a kan sabuwar dokar hanya, zuwa ga dattawa da 'yan ci-rani

Muna gaida iyayenmu dattawa, da malamai, da masu unguwanni, da 'yan uwanmu da suka taso daga Maradi, da Yamai, da Kano, har da Legas, don halartar wannan taro. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar nan za ta iske su. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Maganar da kwamiti ya ɗora mana yau ita ce ta dokar hanya. Wani zai ce ina ruwan manomi da masunci da dokar direbobi? To, ku duba gidajenmu. Yau a Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Ɗan Isa, da wuya ka shiga gida uku ba ka ga moto a zaure ba. Yawancin motocin nan kuwa ku 'yan ci-rani kuka sayo, ku dattawa kuka miƙa wa yaro mabuɗi. Saboda haka maganar ta shafi kowa a nan.

Dattawa sun san lokacin da mota ke wuya. Sun tuna zamanin da direba in ya fito Maradi ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya, sai ya sauya hannu, don mu nan dama muke bi, Nijeriya kuwa hagu take bi, har watan Afrilu na 1972 da su ma suka koma dama. A wancan zamani dokar hanya ta ƙasarmu ita ce wadda aka yi a 1963, lokacin mulkin Diori Hamani. Ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana aiki. An yi ta ne sa'ad da babu wayar salula, babu kabu-kabu, babu adaidaita. A watan Nuwamba na 2014 aka kafa sabuwar doka, sa'an nan a 2017 gwamnati ta fitar da dokar da ta bayyana yadda za a yi aiki da ita. Akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, wadda ake kira ANISER, masu faɗakarwa a tasha da rediyo. Mun ce sabuwa ce, ko da yake ta kwana biyu, domin har yanzu da yawa cikinmu sai ran da jandarma ya tsai da su suke jin labarinta.

Abin da ta ƙunsa yana da yawa, ba za mu karanto muku duka ba. Mai tuƙa moto sai ya sa hular kwano, wadda yara ke kira kas, shi da wanda ya ɗauko. Mai tuƙa mota sai ya ɗaura ɗamarar kujera. Ba a riƙe waya a hannu ana tuƙi. Ba a tuƙi cikin maye, kuma maye ba giya kaɗai ba ne, ƙwayoyin nan da wasu samari ke haɗiya wai don kada su gaji, su ma suna ciki. A cikin gari ba a wuce gudun kilomita 50 a awa. Takardun da ake tambaya kuwa kun san su: permi, da kart giriz, da asiransi, da takardar bizit mai nuna an duba lafiyar mota.

Kada mu ɗauka an yi waɗannan ne don a tatsi talaka. Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. In direba ya sunkuya ya dubi waya na daƙiƙa biyu, ya yi mita 50 ke nan ido rufe. A hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa ranar kasuwa, me ke cikin mita 50? Amalanke, da jaki, da 'yar talla da tire a kai. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Hukumar lafiya ta duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne babban abin da ke kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ba mu bukatar rahoton Turawa kafin mu yarda. Kowa a nan ya je gaisuwar irin wannan rasuwa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, wato sha'anin masu koyo.

Yadda muka saba, yaro ya shiga tasha aparanti. Ya wanke mota, ya ɗaure kaya, ya sa waigi, ya kwana a ƙarƙashin kamiyo. Bayan shekara uku ko huɗu maigidansa ya fara ba shi sitiyari a daji. Ba mu raina wannan makaranta ba, ta fitar da direbobin da suka yi shekara talatin suna zuwa Agadas da Kwatano ba su taɓa kaza ba. Amma hukuma ba ta san ta ba. Abin da ta sani shi ne makarantar koyon tuƙi mai izini, wato oto-ekol, da jarrabawa iri biyu, ta kod da ta tuƙi. Permi kuma aji-aji ne. A na moto ne. B na ƙaramar mota ne, sai mutum ya cika shekara 18. C na manyan motocin kaya ne, D na motocin fasinja, E na masu jan tirela, kuma waɗannan sharuɗɗansu sun fi tsauri. Mai B ba shi da ikon ɗaukar bas cike da mutane, ko da ya fi mai D gwaninta. Tsohon permi na takarda mai ninki uku shi ma an maye gurbinsa da kati mai hoto da shaidar yatsa, wanda ke da wa'adi a rubuce a jikinsa. Masu tsohon a ƙasan adaka, su fito da shi su je Maradi, ofishin sufuri, su tambayi yadda ake sauyawa.

Na moto shi ne abin ya fi muni, domin shi ko makarantar tasha babu. Yaro ya koya da hantsi a filin ƙwallo, da la'asar ya ɗauko uwar wani zuwa asibiti. Abin ya ƙaru tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, aka kuma hana ta a wasu sassan Legas a 2020 da 2022. Samarinmu da yawa suka dawo gida da baburansu, kowane kuma ya koya wa ƙannensa biyu ko uku. Sun iya kauce wa rami, sun iya ratsa rairayin Gulbi, amma tambayi ɗayansu ma'anar allon da ke bakin hanya. Zagaye mai jan baki hani ne. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, akwai haɗari a gaba. Shuɗin zagaye umurni ne. A mahaɗar da babu allo, wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya. Ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne su kaɗai, littafin kod da Faransanci yake, su kuwa da yawa ba su yi lakwal ba.

Akwai wani abu da muke roƙon masu sayen moto su saurara da kyau. Wasu na cewa, ai na yanki asiransi, in wani abu ya faru kamfani zai biya. A ƙasashenmu masu kuɗin sefa dokar asiransi guda ce, ana kiranta CIMA, tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. A ƙarƙashinta, in direba marar permi ya buge mutum, kamfani yana iya biyan wanda aka buge, sa'an nan ya juyo ya nemi kuɗinsa wurin mai laifi. Wato bashin gida zai dawo. In kuwa babu asiransin ma, to daga kuɗin magani har abin da alƙali ya yanke, duk a wuyanku. Mun ga wannan da idonmu a cikin danginmu, ba za mu faɗi suna ba. Ɗan uwa ya yi rani uku yana turin ruwa a birni, ya sayo moto ya ba ƙaninsa ɗan shekara goma sha biyar. Wata biyu ba a yi ba yaron ya karya wani tsoho a bakin kasuwa. Moto ta kwana a hannun hukuma, aka sai da shanun huɗa biyu, damanar nan da hauya suka yi ta. Tsohon kuma har yau da sanda yake tafiya.

Mun san ƙorafin da ke zukata, kuma gaskiya ne. Kuɗin oto-ekol ya yi wa ɗan ƙauye nauyi, ga kuɗin mota zuwa Maradi kullum, ga barin gona. Hular kwano tana da zafi a watan bazara. Wasu kuma na cewa, me ya sa zan wahala, tun da in an tsai da ni ɗan abin goro ya isa? Wannan na ƙarshe ba mu yarda da shi ba. Wanda ya sayi permi ba tare da ya koya ba, takarda ya saya, hannunsa yana nan yadda yake. Abin goro kuma ana ba da shi yau, a ba da gobe, in ka tara na shekara ya kusa biya maka makarantar. Zancen zafin hula kuwa, a tambayi ma'aikatan asibitin Maradi wane rauni ne ya fi kashe 'yan moto, za su ce na kai.

Wani dattijo ya ce mana ai kowa da ajalinsa. Haka ne, Baba, babu mai musu. Amma ku kuka koya mana a ɗaure jaki kafin a shiga masallaci.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku, ku duba, ku gyara. Na farko, duk ɗan ƙungiya da zai aiko da moto gida, ya haɗo da hula biyu, ya kuma ware kuɗin permi da asiransi tun daga can. In kuɗin ba su kai ba, moto ta jira wani rani. Na biyu, muna roƙon iyaye kada a ba yaron da bai kai shekarun doka ba mabuɗi, ko da aiken kusa ne. Na uku, cikin asusun ƙungiya a ware wani kashi na rance ga samarin da za su shiga oto-ekol bayan an gama girbi, su biya a hankali in sun fara aiki. Aparantin da suka daɗe a tasha su za a fara ba, don su tuƙi sun riga sun iya, kod ne ya rage musu. Na huɗu, tsofaffin direbobinmu da suka ajiye aiki, tare da malamin lakwal guda, sun yarda su riƙa zama da samari daren Alhamis bayan sallar isha'i, a zana alluna a bango, a fassara musu kod da Hausa. Wannan ba ya maye gurbin oto-ekol, share fage ne don kada yaro ya je ya faɗi jarrabawa kuɗi su tafi a banza.

Su kuma masu tuƙi a ƙetaren iyaka, su tuna can ma akwai masu tsaron hanya, 'yan Rod Sefti, tun 1988, kuma suna da nasu takardun da suke tambaya. Kowa ya bincika a tashar da yake aiki kafin ya ɗauki motar mutane.

Wanda ke son a rubuta sunan ɗansa ko ƙaninsa cikin masu neman rance, ya ga magatakarda bayan addu'a, ya zo da takardar haihuwar yaron. Wakilan Kano da Legas da Yamai su tattaro sunayen nasu kafin taro mai zuwa.