Jawabin Buɗe Ɗakin Gwajin Sarrafa Alminiyam





Injin da ya tara mu yau, aikinsa ƙara wa alminiyam ƙwari ba tare da an narkar da shi ba. Rashin nauyi ne ya sa ake ƙera jirgin sama da wannan ƙarfe, amma yana da laushi, guga na saurin cinye shi. Maganin haka shi ne a cusa masa gari mai tauri, irin su alumina ko silikon kabaid, wanda ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita.

Masu zubin tukwane narkar da alminiyam suke yi, da zafin da ya kai digiri 660. To, in aka zuba irin wannan gari a narkakken ƙarfe, dunƙulewa yake yi. A nan kuwa, tsaga ake yi a jikin farantin alminiyam, a cika ta da garin, a rufe. Sai a danna wani sandan ƙarfe mai kafaɗa da ɗan tsinke a baki, yana juyawa yana tafiya. Zafin gugar ya tausasa ƙarfen, tsinken ya tuƙa garin a ciki. Tamkar tuƙin tuwo ne: inda muciya ba ta kai ba, gudaji za a tarar. Shi ya sa akan maimaita tuƙin.

Asalin dabarar walda ce. Wayne Thomas ya ƙirƙiro ta a 1991, a cibiyar TWI ta Ingila. Daga baya Rajiv Mishra da abokan aikinsa a Amurka suka karkata ta ga gyaran jikin ƙarfe, har suka cusa silikon kabaid a fuskar alminiyam a 2003.

Ɗalibai, amana ce aka danƙa muku. In sandan ya cika gudun tafiya, zafi ba zai isa ba, ƙarfe ya yi kogo. In juyi ya yi yawa, zafi ya ɓata aiki. Ku auna, ku rubuta, ku yanka ku duba a madubin ƙara girma. Gwajin da bai yi kyau ba ma ku rubuta shi, domin na baya su huta.

Da sunan Allah nake buɗe wannan ɗaki. Allah Ya sa albarka, Ya tsare masu aiki a cikinsa.